Ba jikinka ne ya saba da allurar ba

Za ka ji majiyyaci yana cewa jikinsa ya saba da ceftriaxone, allurar kashe ƙwayoyin cuta, ta daina yi masa aiki. Jama'a, jiki ba ya sabawa da ita. Ƙwayar cutar ce ta sauya, sauyin kuma yana cikin ƙwayoyin gadonta, zuriyarta za ta gada.

Ta hanya biyu sauyin ke zuwa. Hanya ta farko kuskuren kwafi ce. Bakteriya irin E. coli, idan ta samu ɗumi da abinci, cikin minti 20 take rabuwa biyu. Kowace rabuwa sai ta kwafi DNA ɗinta, jefi-jefi kuma harafi guda kan kauce. Maganin ciprofloxacin (cipro) yana kashe ta ne ta hanyar riƙe sinadarin da take warware zaren DNA da shi. Idan kuskuren ya faɗa a ƙwayar gado mai suna gyrA, wurin riƙon ya ɗan sauya siffa, maganin ya rage kaifi. Cikakken magani kan iya gamawa da irin wannan. Amma rabin ƙwayar magani, ko jabu, ko maganin awa 12 da aka bari sai bayan awa 20, raunanan kawai yake kashewa, ya share wa mai kuskuren fili. Ta hayayyafa, kuskure na biyu ya biyo baya a wata ƙwayar gadon mai suna parC, daga nan cipro ya zama ruwa.

Ta biyun ce ta fi tayar da hankali. Akwai ƙananan zobban DNA da ake kira filasmid, waɗanda ƙwaya ke miƙa wa maƙwabciyarta ta wani siririn bututu, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Bakteriyar Klebsiella ta ba E. coli, ita ma ta ba wata. A kan irin zoben nan ƙwayar gado mai suna CTX-M-15 ke yawo, mai sa ƙwaya ta fitar da sinadarin da ke farfasa ceftriaxone. Haka NDM-1, wanda aka gano a 2008 a jikin wani mutum a Suwidin bayan ya yi jinya a New Delhi ta Indiya, yana lalata har meropenem, maganin da ake ajiyewa sai ta ɓaci. Zobe ɗaya kan ɗauko kariya daga magunguna uku ko huɗu, shi ya sa canja allura da ka ba ya fid da kai.

To ina suke haɗuwa? A jikin robar fitsarin da ta yi mako ba a duba ba, a magudanar wurin wanke hannu, a bututun injin numfashi, da hannun ma'aikacin da ya tashi daga gado na uku ya nufi na huɗu.

A ganina laifin tsarinmu ya fi na majiyyaci. Zazzaɓi ya zo, ceftriaxone. An yi tiyata lafiya, ceftriaxone kwana biyar, alhali yawancin tiyata allura ɗaya cikin minti 60 kafin yanka ta wadatar. A ɗebi jini ko fitsari ko mugunya kafin allurar farko, a kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito cikin awa 48 zuwa 72, sannan a koma maganin da ya dace ko a dakata. Kowace safiya a tambaya ko robar fitsarin nan har yanzu ana buƙatarta. A murza hannu da sanitaiza daƙiƙa 20 zuwa 30 tsakanin majiyyaci da majiyyaci.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 wannan matsala ta ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani ta kashe kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Matuƙar iyalin majiyyaci ne ke biyan kuɗin gwaji daga aljihunsu, likita zai ci gaba da canka. Gwamnatocin jihohi su ɗauki nauyin gwajin nan a manyan asibitocinsu, su kuma tabbatar akwai ruwa a famfon kowane ɗakin jinya.