Ranar da Baba ya yi ritaya, ranar katinsa ya mutu

Shekara 35 cur Baba ya yi yana wa gwamnatin tarayya aiki a nan Jos. Da sanyin asuba yake fita daga Unguwar Rogo, sanyin da ke shiga har ƙashi. A duk shekarun da ya riƙe katin inshorar lafiya, in ya je asibiti sau uku to ya yi yawa. Mu 'ya'yansa ne muka ɗan mora, mu ma huɗu kaɗai tsarin ke ɗauka, kuma da ka cika 18 an cire ka. Shi kuwa garau yake.

Sai ya ajiye aiki. Kamar jira suke, hawan jini ya yi sallama, ciwon suga ya biyo baya.

Na kai shi asibitin da fayil ɗinsa ya kwana ya tashi. Tun bayan sallar asuba muke kan benci, sai wajen sha ɗaya aka kira mu. Yarinyar da ke kan teburin ta latsa kwamfuta, ta sake latsawa, ta ɗago a ladabce ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, sunanku ba ya ciki. Kun yi ritaya ne?" Ya ce eh. Ta ce ai shi ke nan. Na ce to Mama fa? Ta ce ai a ƙarƙashinsa take, tare suka fita. Ban ga laifin yarinyar ba, abin da ta gani ta faɗa. Amma don Allah wane mai hankali ne ya zauna ya tsara haka? Lokacin da mutum ke da ƙarfi, ba ya neman likita, an ba shi kati. Ranar da gwiwa ta fara ƙara, ido ya dushe, albashi ya tsaya, ranar za a karɓe. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, ba wani suna da abin yake da shi.

Aka ce mana ai akwai hanya, sai mu shiga tsarin da mutum ke biya wa kansa duk shekara. Lokacin da aka fito da shi naira dubu 15 ne kowane kai. Yanzu ya ninka har da ɗoriya. Kai biyu gare mu. Baba kuma a lokacin ko kwabo na fansho bai fara gani ba, yana ta zarya da takardu a jakar leda. Muka yi karo-karo ni da ƙannena muka biya, sannan aka ce mu jira wasu makonni kafin katin ya fara aiki. Ban san ko akwai wanda ya sanar da hawan jinin ya jira ba.

Da katin ya tashi na ɗauka an huta. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A ƙa'ida kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani za ka biya. To kashi goma na me, in maganin babu shi? Farasitamol akwai, maganin ƙarin jini akwai. Ka miƙa takardar da likita ya rubuta allurar insulin, sai mai ba da magani ya girgiza kai: "Ya ƙare, ku duba waje." Waje kuwa kemis ne, kuɗi hannu, ba sauƙin ko sisi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira ta faɗi, farashin magani ya haukace. Kamfanin magunguna na GSK ma a watan Agustan 2023 ya sanar da tattara nasa ya nasa daga Najeriya. Mai kemis ɗin unguwarmu yanzu in ya hango ni sai ya fara ba ni haƙuri kafin ya faɗi kuɗi.

Da aka tura Baba wurin likitan ido, sai aka ce sai kamfanin da ke tsakanin asibiti da hukumar inshora ya turo lambar amincewa. Muka zauna. Nas ta kira, ba a ɗauka ba. Na kira, aka sa mini kiɗa a kunne har katin wayata ya ƙare. Tsoho mai ciwon suga yana zaune tun safe, ba ya son tashi cin abinci kar a kira sunansa a wuce. La'asar sakaliya muka hau Keke muka koma gida hannu rabbana. Asibiti na cewa kamfani bai biya su ba, kamfani na cewa ya biya. A 2025 an ƙara wa asibitoci kuɗin da ake ba su kan kowane mai kati, ƙari mai tsoka kuwa. Ni dai a kan benci ban ga inda ya sauka ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a takarda komai ya ji gishiri. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya kan kowa, ta kuma ware asusu don masu rauni, tsofaffi na ciki. Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya. Mu da aka yi taron a gidanmu har yau ba mu kusanci wurin ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Su masu gugan kuwa in kansu ya sara, sai jirgi zuwa Landan.

Baba ma ya yi sa'a, yana da mu. Tsohuwar da ke tuya ƙosai a bakin layinmu fa? Dattawan da suka ƙare ƙuruciyarsu suna dako a Farin Gada fa, wa ya taɓa ce musu akwai wani asusu da sunansu?

Daren jiya na shiga ɗakinsa na tarar da shi da reza a hannu, yana raba ƙwayar hawan jini biyu a kan faranti. Na ce, "Baba, me ke nan?" Ya ce, "Don ta kai mu ƙarshen wata." Na karɓe rezar. Alhamis za mu koma neman lambar likitan idon, karo na uku.