Ƙaddara gaskiya ce amma dan Allah mu ɗaure raƙumin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na leƙa ƙauye wajen baffana can bayan Pitowa, kuma wallahi tun da na dawo Garwa maganar nan take cin raina. Muna zaune gindin darbejiya bayan la'asar sai ƙaramin ɗansa, yaro mai kaifin kai wanda ke ajin ƙarshe na firamare, ya ce shi in ya girma likitan dabbobi yake so ya zama saboda shanun garin da ke mutuwa duk shekara. Kafin ya rufe baki baffa ya ce kai tafi can, ɗan talaka ina shi ina likita, abin da Allah ya rubuta maka shi za ka gani. Yaron ya yi shiru ya tashi. Da na bincika ashe ko takardar haihuwa ba shi da ita, kuma kowa a nan Kamaru ya san ba ta ba zaman jarrabawar CEP ta kammala firamare, in kuma an bari yaro ya girma sai an bi ta kotu kafin a same ta. Na ce baffa me ya hana a yi masa tun yana jariri? Ya ce ai komai nufin Allah ne.

Ni ban isa in musa ƙaddara ba, tana cikin rukunnan imani guda 6, wanda ya ƙi ta ya fita daga hanya. Amma wa ya nuna mana Lauhul Mahfuz har muka karanta cewa yaron nan ba zai zama likita ba? Ba mu gani ba, mu muka yanke masa sannan muka jingina wa Ubangiji. Wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro, mutum ya yi sakaci ya sa masa suna tawakkali.

Mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ai ce masa aka yi ɗaure ta sannan ka dogara, Tirmizi ya ruwaito. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake? ya ce eh, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kuma ya zo a Bukhari cewa Annabi da kansa yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda. To wanene cikinmu ya fi shi dogaro ga Allah?

Ku duba Suratu Yusuf ma, shekara 7 ana noma ana barin hatsi a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, saboda shekaru 7 na fari da ke tafe. Mu kuma fa da kaka ta yi sai a kwashi masara da dawa a kai kasuwa lokacin da buhu ya fi kowane lokaci araha, kuɗin auduga ya fito a yi biki na kece raini ko a ƙara aure, watan Agusta na zuwa rumbu ya koma wayam sai a je a sayo hatsin nan dai da muka sayar da tsada, ko a ci bashi a kan amfanin da bai ma nuna ba, badi kuma a sake, sai ka ji ana haka Allah ya so.

Na san wani zai ce malam kai kana birni ba ka san zafin babu ba. Na sani wallahi, a gidan nan na tashi, na ga shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, na ga 'yan uwanmu na Yagwa da Kuseri da ambaliyar kogin Logon ta cinye musu gona da gida a 2022 ta sake a 2024. Wanda ya shuka ya gyara ruwa ya tafi da shi, wannan ita ce ƙaddarar da ake cewa inna lillahi a kanta a yi haƙuri, kuma haƙƙi ne a kan masu hali su fitar da zakka su tallafa masa. Kuma akwai mai sayar da hatsi don ciwo ya kama yaro ba yadda zai yi, ba da shi nake ba.

Matanmu ma sun fi mu gane abin nan. Matar baffan da adashin ɗari biyar biyar duk ranar kasuwa ta sayi akuya ɗaya, yanzu awaki 4 gare ta, da su ta sayi littattafan yara bara. Ba wanda ya ce mata ta raina ƙaddara.

Kafin in taho na sake zama da baffa, cikin ladabi dai don uba ne. Na ce baffa a bar buhu biyu a rumbu kar a taɓa sai damina ta yi tsakiya, ni kuma kuɗin kotu na takardar yaron yana wuyana. Bai ce eh ba bai ce a'a ba, ya dai ce in dawo ran Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, mu je wajen mai gari a samo shaidu. Ku sa mu a addu'a Allah ya sa kar ya canza magana.