Mararaba ba Abuja ba ce

Malam marubuci, labarinka kan cunkoson hanyar Keffi ya yi, amma ka sa Mararaba cikin Abuja. A'a, tana ƙaramar hukumar Karu ne, jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato a 1996. Asali ƙasar Gwari ce, gonakin doya. Da gwamnati ta taso daga Legas a 1991, kuɗin haya ya koro talaka nan, rusau na zamanin da El-Rufai yake ministan Abuja ya ƙara tunkuɗo wasu. Yanzu daga Ado har Masaka gida ya haɗe da gida. Wa ya san yawanmu? Rabon da a yi ƙidaya tun 2006. Da asuba ka zo gadar Nyanya ka ƙirga da idonka.