Nasiha Ga Matasan Abuja Masu Neman Abinci Cikin Rana

'Yan uwana matasa, da ku nake: leburorin gini a Lugbe da Gwarinpa, masu tura baro a kasuwar Wuse, 'yan ga-ruwa, da masu talla cikin gosulo tsakanin Nyanya da Mararaba. Bazara ta kankama. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin Abuja kan doshi digiri 40, kuma da hadari ya fara haɗuwa sai gumi ya ƙaru. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da jure wa rana jarumtaka. Yaro ya nemi inuwa, abokan aikinsa su ce rago ne.

Wallahi zafi yana kisa. Ranar 3 ga Afrilun 2024 ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma a kwana huɗun farko na watan asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mamata 102. Mutane ne da suka saba da rana kamar mu, ko ma fiye.

Jikin ɗan Adam a digiri 37 yake zama, da zufa yake sanyaya kansa. In ruwan jiki ya yi ƙasa, ko iska ta yi laima har zufar ba ta bushewa, sai zafin ya taru a ciki. Za ka ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, tsoka tana ɗaurewa, fitsari ya ragu ya yi ja kamar ruwan shayi. A nan ya kamata ka ajiye shebur, ka shiga inuwa, ka sha ruwa. In ka yi taurin kai zafin jikinka ya haura 40, ƙwaƙwalwa ce za ta taɓu: sambatu, tangaɗi, sannan suma.

To a wannan gaɓar muke asarar rayuka. Mutum ya faɗi yana surutai, sai a taru a kansa, wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce zazzabin cizon sauro ne a kawo Panadol. Panadol ba ya sauke irin wannan zafin. Ku ja shi inuwa, ku sassauta masa kaya, ku yi ta kwara masa ruwan sanyi kuna yi masa fifita, ku sa ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma a wuyansa da hammata da matsematsi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa, shaƙewa zai yi. Ku kira 112 ko ku nemi mota zuwa asibiti, kuna jiƙa shi har ku isa.

Kada ka jira ƙishirwa kafin ka sha ruwa. In zufa ta yi yawa, haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙwayoyin da ake sha don a yi aiki ba gajiya, don Allah ku rabu da su, toshe maka kunne kawai suke yi jiki na kuka ba ka ji. Mai azumin da ya kai ga halaka kuwa, addini ya ba shi damar ya sha ya rama.

In kun koma gida ku leƙa tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini, musamman a ɗakin kwano da ba silin. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono za a yawaita ba shi, ba ruwa ba. Kada a bar yaro cikin mota a kulle ko na minti kaɗan ne.

Ku kuma iyayen gidanmu 'yan kwangila, amana ce a hannunku. A zuba kankare da sassafe ko bayan la'asar, a ajiye duron ruwan sha a wurin aiki, a bar yaran nan su huta daga ƙarfe 12 zuwa 3 ba tare da an zaftare musu kuɗin yini ba.