Ni da Ɗan Tsuntsun Dadin Kowa

Da hunturun nan muka je ƙirgar tsuntsayen ruwa a ƙasan dam ɗin Dadin Kowa, ni da mutumin namu mai babur. Muna isa na hango ɗan tsuntsun da Turawa ke kira common sandpiper kan duwatsun bakin kogin Gongola. Tsawonsa kamar santimita 20, nauyi kamar giram 50, amma daga Turai ko Rasha yake tahowa ya ci rani a nan, wajen Afrilu ya koma ya yi ƙwansa huɗu. Shaidarsa farin da ya kutsa tsakanin ƙirji da fiffike, sai kaɗa gindi ba hutu.

Ƙa'idar matso shi sananniya ce: rana a bayanka, ban da fararen kaya, ka duƙa, taku uku ka tsaya. In kaɗawar ta ƙara sauri ya tsargu, ƙara taku ɗaya zai tashi da "tsi-wi-wi", ya bi dab da ruwa. Busasshen dutse kaɗai ake takawa. Wanda ya yi kore gansakuka ce, silifas ba ya kama ta.

Ina matso shi na taka koren. Duwatsun ne suka haɗa kai. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta ce ba da ita ba, na zauna daɓas, na zarce cikin ruwa har ƙugu, hannu ɗaya a sama da madubin hangen nesa kamar mai kai ƙara. Wando ya ce ɓaarr. Silifas ɗaya ya kama hanyar Numan. Na yunƙura, na koma. Na sake, na koma.

Faɗuwar ba ta dame ni ba kamar wani dattijo mai gyaran koma. Ko motsi bai yi ba.

"Sannu Malam. Magani za a haɗa da shi?"

"A'a Baba, ƙirgawa muke."

"To, ɗaya ne."

Yaran da ke wanki suka fashe. Wai mutumin da ya ga dutsen, ya san halinsa, ya zuba mini ido har na taka! Daga baya ma cewa ya yi kowa a nan yake faɗuwa. Mai babur kuwa, da na saya wa mai, yana can yana ɗaukar bidiyo.

Tsuntsun ya sauka can gaba kaɗan, ya ci gaba da tsintar ƙwari. Na rubuta ɗaya. Takardar ma ta jiƙe.