Radiyetar Da Ta Ƙi Jin Magana

A tsakiyar watan Yuli, lokacin da kowa ke buɗe taga yana neman iska, radiyetar ɗakin kwananmu, wato ƙarfen nan da ruwan zafi ke bi ta cikinsa yana ɗumama ɗaki, ta ce ita ba ta san zance ba. Tun ƙarshen sanyi na kashe ɗumama gida, amma kullum da asuba sai ta ɗau zafi har ba a iya dafa ta. Mu farka sharkaf da gumi, bargo a ƙasa, kowa na hararar ɗan'uwansa.

"Baban Abba, ka kira mai gyara mana," in ji uwargida.

Na ce, "Haba Maman Abba, a kan wannan ɗan ƙarfen? Bari ki ga aiki."

Na fara da ma'aunin zafin da ke bango, na mayar da shi can ƙasa. Na duba agogon boila, injin da ke ɗumama ruwan gidan, layin ɗumama ɗakuna a kashe yake, na ruwan wanka kaɗai ke aiki. Na zo kan marikin da ke gefen radiyetar, mai lamba 0 zuwa 5 da alamar ƙanƙara, na murɗe shi zuwa 0 har sai da wuyan hannuna ya yi ƙara. Gari na wayewa na tarar da ita ta fi jiya zafi.

Daga nan na yanke hukuncin iska ce ta taru a ciki. Na nemo ɗan makullin fitar da iska mai baki murabba'i, na sa a kusurwar sama, na murɗa da ƙarfin zuciya. Babu iska ko ta magani. Wani baƙin ruwa mai warin tsatsa ya yi tsartuwa, ya wuce ta saman kafaɗata ya zana taswira a farin labule. Kafin in rufe, allurar da ke nuna matsin ruwa a boila ta sauko ƙasa da 1, alhali wurin zamanta tsakanin 1 da 1.5 ne, sai da na ƙara mata ruwa. Ashe ma iska sanyi take sa saman radiyeta ya yi, ba ruwanta da zafi, amma ai bincike ne, kuma bincike ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Abba kuwa murna yake. Ya gano safarsa na bushewa a kai cikin minti kaɗan, har ya fara jera ta 'yan'uwansa.

Inda na nuna gwaninta shi ne marikin. Na kwance zoben da ke riƙe da shi, na cire kan, sai ga wani ɗan tsinken ƙarfe a tsaye, bai kai rabin ashana ba. Aikinsa in an danna shi ƙasa ya toshe ruwa, in an sake shi ya dawo sama. Namu ya ƙafe a sama, ko gezau. Na ɗiga masa mai, na ɗora ƙotar sukudireba na danna, na ɗan ƙwanƙwasa gefen bawul ɗin da sifana. Can sai na ji ƙas, ya shiga ya fito. Na mayar da kan, na wanke hannu, na yi tafiyar ƙasaita zuwa falo.

A daren mun yi barci mai daɗi. Da safe na fito zan wuce, cinyata ta gogi radiyetar baranda, na yi tsalle sai ka ce wanda ya taka garwashi. Zafin bai bar gidan ba, ɗaki ya sauya. Ita wannan ba ta da mariki mai lamba, da gangan ake barin guda a buɗe don ruwa ya samu hanyar zagayawa, duk abin da na koro daga ɗakinmu nan ya tare.

Uwargida ta tsaya tana kallona, hannu a ƙugu. "Ka lura ba ta zafi sai lokacin da tankin ruwan wanka ke ɗumama? Ƙarfe biyar na asuba, da kuma yamma in yara sun gama wanka."

Na ce ai dama nan na dosa, ta riga ni faɗa ne kawai.

Ita ta kira mai gyaran. Ko kallon radiyetar bai yi ba, ya wuce kabad ɗin tanki kai tsaye, ya nuna min wani ɗan akwatin ƙarfe zaune a mahaɗar bututu uku. Ruwan boila na shigowa ta AB, ya fita ta A zuwa radiyetoci, ko ta B zuwa tanki. Ƙaramin inji ne a ciki ke juya ƙofar, in an ɗauke wuta sifirin ya mayar da ita ta rufe A. Tamu ta maƙale a tsakiya, duk sanda aka ɗumama ruwan wanka sai rabi ya zarce ɗakuna. Ya kunna ruwan zafi kaɗai, ya ce in taɓa bututun A. Na taɓa, na janye hannu ba shiri. Ya ce a gidajen da ba tanki ma haka bawul ɗin cikin boila ke yi in ya maƙale, ka buɗe famfon zafi radiyeta ta ɗauka.

Ya canza bawul ɗin, bututun ya huce. Yana tattara kayansa ya hango labulen ta ƙofar ɗaki, ya tambaya wa ya gano alaƙar da ruwan wanka. Na buɗe baki ke nan Abba ya ce, "Mama ce. Baba shi ya yi labulen."