Littafin atisayena da sharrin Dogo

Tun da Koci ya dawo daga kwas ɗin nan nasa kun san ba mu huta ba. Cewa ya yi daga yanzu kowane yaro a ƙungiyarmu ta wasanni sai ya riƙe littafi. Shafin farko na buri ne, sauran kuma na abin da aka yi kullum: mita nawa ka gudu, cikin daƙiƙa nawa, barcin awa nawa ka samu, bugun zuciyarka nawa da ka farka, sannan ka ba wa wahalar atisayen maki daga 1 zuwa 10. Ni ma da nake mataimakinsa, wato mai ɗaukar jaka da jera robobi, ya ce in riƙe nawa don yara su yi koyi. Ya raba mana littattafai iri ɗaya masu shuɗin bango, ya hana a sa suna, wai don kowa ya saki jiki ya rubuta gaskiya.

Sai da ya tsayar da mu a rana ya yi lacca. Ya ce "zan yi iya ƙoƙarina" ba buri ba ne, dabarar zillewa ce. Wai wasu masana biyu, Edwin Locke da Gary Latham, sun shafe shekaru suna gwada mutane, suka ga wanda aka ba ƙayyadajjen buri mai ɗan wuya ya fi wanda aka ce ya yi iya yinsa taɓuka abin kirki. Ya kawo Michael Phelps da ya kwashe zinare 8 a ninƙaya a Olamfik ɗin Beijin ta 2008, ya ce rubuta lokacin da yake son kaiwa yake yi a takarda ya ajiye inda zai riƙa gani. Ya kawo Kipchoge, mutumin Kenya da ya yi gudun kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyena a 2019, ya ce da biro yake rubuta atisayensa a littafi. Ya ce a raba buri biyu, akwai wanda ba a hannunka yake ba, kamar cin kofi, tunda wani na iya fin ka, akwai kuma wanda yake hannunka, kamar zuwa fili a kan lokaci da kwanciya da wuri. Duk gaskiya ne, ban musa ba.

Na koma gida na yi lissafi irin na manya. Tarihin duniya a mita 400 daƙiƙa 43.03 ne, na Wayde van Niekerk ɗan Afirka ta Kudu, a Riyo a 2016, kuma daga layi na takwas ya yi shi. Na ce ni ba mai haɗama ba ne, bari in bar masa ratar daƙiƙa 12. Na rubuta 55, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

To, an ce a rubuta gaskiya, kuma an ce babu mai karantawa. Ni kuwa na ɗauki maganar da muhimmanci.

Ranar da aka gayyato iyaye su ga yadda yaransu ke ci gaba, sai ga Dogo, mai riƙe mana agogo, yana zagayawa da kwali yana karɓar littattafai, wai Koci zai zaɓi guda ɗaya a karanta wa iyaye su ga misali. Nawa yana saman jakata. Ban ba shi ba, ɗauka ya yi. Ina can ina jera robobi, na juyo kawai na ga Koci ya sa hannu a kwali ya zaro na sama ya miƙa wa Auta. Kun san Auta, tsayi babu, amma murya har bakin titi. Aka ɗora shi a kan benci.

"Buri," in ji Auta. "Mita ɗari huɗu cikin daƙiƙa hamsin da biyar."

Koci ya tafa. "Kun ji ko? Ga lamba, ga nisa. Wannan yaron ya gane karatun." Iyaye suka tafa su ma. Wallahi a wannan lokacin har wani daɗi na ji, na ɗan gyara tsayuwa.

"Litinin. Atisaye: na yi niyya. Wahala: takwas."

Aka ɗan yi dariya. Koci ya ce ba laifi, ai gaskiya ake so.

"Talata. Barci: awa goma sha ɗaya."

"Yaro ne mai tasowa," in ji Koci, "jikinsa na buƙata." Wata Hajiya a gaba ta gyaɗa kai, ta juya ta harari ɗanta, ashe ta ɗauka shi ne.

"Laraba. Gudu: daga ƙofa zuwa bakin titi, mota na bi. Ban same ta ba. Bugun zuciya: ya ƙi ƙirguwa."

Na fara lallaɓawa ta bayan mutane. Na yi tunanin in ce ana kirana a waya, amma wayar tana cikin jaka, jakar kuma tana ƙarƙashin bencin da Auta ke tsaye a kai. Na ɗaga hannu ina yi wa yaron alamar ya isa haka. Shi kuwa ya ɗauka cewa nake ya ƙara murya.

"Alhamis! Koci ya sake ba da labarin Kipchoge. In na ƙara jin sunan bawan Allahn nan a makon nan, zan ajiye aiki. Ko Kipchoge ba ya maganar Kipchoge haka."

Wurin ya yi tsit. Koci ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Ci gaba, Auta," da wata irin murya da ban san yana da ita ba.

"Juma'a. Gwiwata ta dama tana ƙara in na hau bene. Na ce takalmi ne. Uwargida ta ce tumbi ne."

Jama'a, babban yaro a ƙungiyar nan shekararsa 15. Manya uku ne a cikinmu: Koci bai riƙe littafi ba, Dogo kuwa kun san ko budurwa ba shi da ita. Na ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, daga layin gaba zuwa na baya, har tsohon nan mai zuwa kallo kullum da kujerarsa sai da ya juya kujerar gaba ɗaya don kada wuyansa ya gaji. Ba fuskata suke kallo ba ma, tumbin suke kallo, suna tabbatar da maganar uwargida. Ina riƙe da roba guda a hannu, na rasa inda zan sa ta, sai na kare cikina da ita. Hajiyar nan ta ce, "Ayya, Malam, ashe kai ne," ta shafa kan ɗanta. Auta kuma, don Allah ya yi shi da ladabi, ya leƙo daga saman benci ya ce, "Yaya, in karanta na Asabar? Akwai sunan Yaya Dogo a ciki."

A nan ne ya kamata ku san tarihin usur. Usur ɗina ne, na ƙarfe, mai jar igiya, tun kafin a kafa ƙungiyar nan nake da shi. Dogo ya ce in ara masa na wasa guda. Da na tambaya ya ce yana cikin wani wando. Da na sake tambaya ya ce an wanke wandon. Daga baya na gan shi a wuyansa da baƙar igiya, ya rantse nasa ne, alhali ga shaidar haƙorina a bakin. Mutumin da ko zagaye ɗaya bai taɓa yi a filin nan ba, aikinsa kawai ya riƙe agogo ya riƙa cewa yara "ɗaga gwiwa, ɗaga gwiwa", shi ne yanzu ke hura min usur ɗina. Kuma kada wani ya ce min tsautsayi ne ya sa littafina a saman kwali. Nawa ya fara ɗauka, in da gaskiya a ƙasa ya kamata ya kasance. Wanda ya iya canja wa usur igiya, juya kwali ba zai gagare shi ba. Abin da na rubuta a kansa ranar Asabar ɗin ba zan maimaita ba, amma ban janye ko harafi ɗaya ba.

Koci ya karɓi littafin da kansa ya buɗe shafin ƙarshe. Ya ce, "Mataimaki, na ga ka rubuta ka yi gwaji, daƙiƙa 61. A wane fili?" Na ce a nan. Ya ce, "Da wane agogo?" Na ce a zuci na ƙirga. Ya ce ai littafi ba ya aiki sai da awo na gaskiya, kuma ga fili, ga agogo, ga shaidu. Dogo har ya riga ya ɗaga agogon sama yana murmushi.

Aka jera ni da yara huɗu 'yan ajin ƙasa. Dogo ya hura usur ɗina.

Mita 100 na farko, ku tambayi kowa, na yi kyau. Na bar yaran a baya, har na ji wani ya ce "kai!" A mita 200 na fara jin ɗanɗanon ƙarfe a bakina. Koci ya sha gaya wa yara cewa ƙarfin fizga na jiki bai wuce na 'yan daƙiƙu ba, wanda ya ƙone shi tun farko zai biya bashi a kwanar ƙarshe, kuma ko zakarun duniya rage gudu suke a mita 100 na ƙarshe. Na ji wannan darasi sau da yawa ina jera robobi, ban san da ni ake ba. A kwanar sai ƙafafuna suka zama kamar an ɗaura musu turmi. Hannuwa na gudu, kai na gudu, ƙafa ta ce ita ta tashi daga aiki. Yaran suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe har ta juyo ta ce, "Sannu, Yaya." Wannan sannun ta fi komai ƙona min rai. Daga nesa ina jin Dogo: "Oga, ɗaga gwiwa! Ɗaga gwiwa!"

Da na ƙetare layin na kwanta a ƙasa. Dogo ya zo ya tsaya a kaina, maimakon ya nuna wa Koci agogon a hankali, sai ya juya wajen iyaye ya buɗe murya: "Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da tara!" Ya sake faɗa don na baya. Tsohon mai kujera ya sa hannu a kunne ya ce, "Na zagaye biyu ne?" Aka ce masa ɗaya ne. Ya ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi."

Ina da yaƙinin Dogo ya danna agogon tun kafin ya hura usur, kuma bai tsayar ba sai da na kwanta. Na faɗa wa Koci haka. Ya ce ko an cire min daƙiƙa 10 magana ba ta canja ba. Ya zaunar da ni ya soke 55 ɗin da biro, ya rubuta 100, ya ce in nemi wannan cikin wata uku, a ƙasa kuma ya sa burin da ke hannuna: zagaye biyu a hankali tare da yara kafin in taɓa robobi. Wai buri ya yi wuya amma ya zama mai kamuwa. Zancen Kipchoge bai ce min komai a kai ba, sai dai tun ranar duk lokacin da zai ambace shi sai ya kalle ni ya ce, "Da izinin Mataimaki."

Abin haushin, littafin yana yi wa yaran amfani. Yarinyar da ta yi min sannu ta duba nata ta ga duk ranar da ta kwana kallon waya lokacinta lalacewa yake, ta daina, yanzu ita ke gaba a ajinsu. Auta kuma ya haddace shafin Laraba, in ka ce masa yaya atisaye sai ya ce ya ƙi ƙirguwa.

Na sayi sabon littafi mai baƙin bango, a gida yake kwana. Dogo ya turo min saƙo jiya wai ko ina da igiyar usur da ba na amfani da ita, tasa ta tsinke. Ban ba shi amsa ba tukuna.